Ƙyallen Ƙofar Baba

Genzo bai gaishe ni ba sai da ya gama ƙirga. Jirgin fito na zagayo bakin dutsen, ya rage wuta, ya ɗora madubin hangen nesa a idonsa ya shiga bin gidajen tsibirin Ubeshi ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ni kaɗai ce fasinja, sai buhun shinkafa biyu da tukunyar gas ta wani.

"Tara," in ji shi. "Tara cif. Yau ma ba wanda ya mutu. Sannu da zuwa, Sumi-chan. Kin yi ƙiba."

"Kai kuma ka yi sanƙo."

"Sanƙon nan shekararsa biyu. Da kina zuwa da kin gan shi tun yana jariri."

Na yi kamar ban ji ba. Ajinmu ɗaya da Genzo a makarantar tsibirin, lokacin da akwai yaran da za a koyar. Tun a wancan zamanin bakinsa ba ya da linzami, kuma tsufa bai gyara shi ba.

Abin da yake ƙirgawa ƙyallaye ne masu ruwan ɗorawa. Gidaje tara ne suka rage da mutum a ciki, kowanne tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Duk wanda ya wayi gari da ransa sai ya ɗaura ƙyallensa a sandar gora ta ƙofar gida kafin jirgin safe ya iso, rana na faɗuwa ya kwance. Dokar kwancewar ta samo asali ne daga tsoho Heisuke, wanda ya ɗaura nasa ya koma ɗaki ya faɗi, ƙyallen yana ta kaɗawa har kwana uku yana shaida wa gari cewa mai gida lafiya lau. Tun daga nan aka kafa doka ta biyu, wadda ta fi ta farko tsanani: kowa da hannunsa zai ɗaura. Ba a ɗaura wa wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Ni kuwa ƙyallen nan ya yi mini rana, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu ina zaune a birnin Hiroshima ban leƙo gida ba, kowace Lahadi in kira Genzo in ce, "Na Baba yana waje?" Ya ce, "Yana waje." In ajiye waya in ci gaba da harkata da zuciya fara tas. Sai da likitar da ke zagayen tsibirai ta kira ni watan jiya ta ce kan Baba ya fara juyewa, kuma ba ta ga alamar zai dawo ba. Na samo masa gado a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ni. Sun ce in kawo shi kafin ƙarshen mako, in ba haka ba su ba wani. Ranar Talata na iso, ban kuma gaya wa kowa a tsibirin abin da ya kawo ni ba, har shi Baban.

Kwatar tana nan yadda na bar ta, sai dai ta ƙara yin shiru. Kwale-kwale huɗu ne a ɗaure, biyu daga ciki gansakuka ta cinye gindinsu. Shirwa na shawagi a sama tana jiran kifin da ba mai kawowa. Shagon da muke sayen ƙanƙara muna yara an rufe shi da katako, wata kyanwa mai ido ɗaya na kwance a bakin ƙofar kamar ita aka bar wa gadi. Da, in jirgi ya iso, mata ne za su cika wurin nan da kwanduna da surutu, ba ka jin maganar na kusa da kai. Ranar nan takun takalmina kawai nake ji. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi.

Daga kwata zuwa gidanmu matakala ɗari da goma sha biyu ce. Gidaje bakwai masu mutane suna ƙasa, kusa da ruwa. A sama biyu ne kawai suka rage, namu da na Gwaggo Matsuno, ƙawar marigayiya Inna, sauran duk ciyawa ta shige su ta taga. Gidanta yana ƙasa da namu da matakala arba'in, ƙofa na kallon ƙofa. Ita ke duba ƙyallen Baba, shi ke duba nata.

Da na iso ƙofa ina haki, idona ya faɗa kan ƙyallen. Baba masunci ne shekara hamsin, ko jakar shara zai ɗaure sai ya yi mata ƙullin jirgi, wanda iska ba ta kwancewa amma jan hannu ɗaya ke warware shi. Wannan kuwa an yi masa ɗaurin kunne biyu, irin wanda mata ke yi wa igiyar rigar girki ta baya. Na tsaya ina kallonsa. Na ce a raina wataƙila yatsunsa ne suka sandare, na cire takalmi na shiga.

Yana zaune a baranda, ya ba ni baya, yana kallon ƙasa.

"Baba, na dawo."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Sannan fuskarsa ta buɗe. "Sumie! An ba ku hutu ne?"

"An ba mu, Baba."

"To wanke hannu ki ci abinci."

Shekarata hamsin da shida. Na je na wanke hannun.

Gidan a share yake, akwai miyar miso a tukunya da ɗanyen turare a gaban hoton Inna. Wannan ya kwantar mini da hankali har na fara tunanin ko likitar ce ta cika zuzutawa. Amma kafin la'asar ya tambaye ni sau huɗu ko an ba mu hutu, na kuma tsinci tabaransa a cikin tukunyar shinkafa. Da rana ta kusa faɗuwa na ga ya miƙe ya je bakin baranda ya tsaya, bai motsa ba sai da Gwaggo Matsuno ta fito ta kwance ƙyallenta ta ɗago masa hannu. Ya ce, "Yauwa," ya dawo ya zauna. Nasa yana nan a sanda. Da na fito daga wanka na leƙa, na tarar an kwance an ninke an ajiye a bakin ƙofa, alhali shi bai tashi daga inda na bar shi ba.

Washegari na riga kowa tashi, na zauna a bayan ƙofa na bar ta a ɗan buɗe. Gari ya yi haske sosai, teku ta yi lumui. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sanda na bugun dutse. Gwaggo Matsuno ce, shekara tamanin da huɗu, bayanta ya tanƙware har ba ta ganin gabanta sai ƙafafunta. Duk matakala biyar sai ta tsaya ta huta. Da ta iso ta jingine sandar, ta ɗauki ƙyallen Baba, ta yi ɗage, ta yi masa ɗaurin kunne biyu.

Na ja ƙofar. "Ina kwana, Gwaggo."

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ƙarasa ɗaurinta, ta ja shi ta tabbatar ya kama, sannan ta karkato kai ta dube ni ta gefe.

"Lafiya lau, Sumi-chan. Ashe mutanen birni na tashi da wuri."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Gwaggo, don Allah kar ki mai da ni yarinya. Tun yaushe kike ɗaura masa?"

"Tun ɗiban lemon bara. Matsa in zauna, gwiwata ba taki ba ce."

Ta zauna a kan dakali. Ni kuwa na tsaya a kanta. Na ce mata ita ce fa ta fi kowa kuka ranar da aka fito da gawar Heisuke. Na ce shekara guda cur ana yi mini ƙarya, ina can ina zaton ubana lafiyarsa ƙalau, da ya faɗi a banɗaki fa, da ya bar gas a kunne fa? Na faɗi abin da ya kamata da wanda bai kamata ba. Ta bar ni na zazzage tas.

"Kin gama?"

"Ban gama ba."

"To huta, kya ci gaba. Wa ya yi miki ƙarya? Ke ƙyalle kike tambaya duk Lahadi, ƙyalle kuma ya ba ki amsa. Ran da kika kira ni kika ce Gwaggo, yaya Baba, na ɓoye miki, ranar ki zo ki zage ni."



"Kuma ba na ɗaurawa sai na leƙa na ji minsharinsa," ta ce. "Ni ba mahaukaciya ba ce. Miyar da kika sha jiya wa kike zaton ya dafa, kyanwa?"

"Me ya hana ki gaya wa ofishin hukuma?"

"In gaya musu su gaya miki, ke kuma ki zo da jaka irin wadda kika zo da ita. Kin ɗauka ban ga girmanta ba? Wa ke zuwa kwana uku da jaka biyu, ɗaya ba komai a ciki?" Ta nuna gidanta da haɓa. "Ya manta ƙyallensa, ya manta sunan jirginsa, wani lokaci ya kira ni da sunan uwarki. Amma duba nawa ƙyallen bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya. Ranar nan zazzaɓi ya makarar da ni, sai ga shi ba takalmi yana dukan ƙofa kamar zai karya, yana cewa Matsu, ke Matsu, in kin mutu ki faɗa!"

Ta yi dariya, ni ma ta kusa kuɓuce mini.

"In kin tafi da shi wa zai duba nawa?"

"Genzo yana dubawa kullum."

"Genzo ƙirgawa yake yi. Tara, takwas, duk ɗaya ne a wurinsa in dai lissafi ya fita. Ubanki jira yake yi."

Tausayinta ya kama ni, haushinta kuma bai sake ni ba. Na zauna kusa da ita muna kallon jirgin Genzo yana shigowa. Daga nan na kawo shawarar da a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce gobe kar ta hau. Zan ajiye masa ƙyallen a gabansa, ba zan ce uffan ba. In ya ɗaura da hannunsa, zan koma da jakata yadda na zo da ita, in nemo wata dabara. In bai ɗaura ba, jibi mu tafi.

Ta daɗe tana murza kan sandarta. "Kin tuna abin da ke biyo baya in ƙyalle bai fito ba?"

"Sai ki ce musu lafiya."

"Hm," ta ce, ta miƙe da ƙyar. "Kin daɗe a birni."

Ranar Alhamis na tashe shi da wuri, na haɗa masa shayi, na ninke ƙyallen na ɗora a kan tiren, gefen kofinsa. Ya fito baranda ya zauna a wurinsa. Bai taɓa shayin ba, idonsa na kan ƙofar ƙasa. Gwaggo Matsuno ta fito ta ɗaura nata, ta tsaya riƙe da sandar gorar, ba ta ɗago kai ba.

"Tsohuwar banza ta kwana," in ji Baba, cike da jin daɗi. Ya ɗauki kofi.

Wallahi ina zaune a bayansa ina roƙo a zuciyata, ban ma san wanne nake roƙo ba. Rabina na so ya ɗaura, rabina na so a gama. Ya kurɓa, shayin ya ɗan zuba a kan tire. Ya kai hannu ya ɗauki ƙyallen.  Ya warware shi, ya dube shi, ya goge shayin da ya zuba tsaf, ya goge gindin kofin, ya ninke ya ajiye.

Jirgi ya zagayo bakin dutse. Na ji ya rage wuta. Sai jiniya, doguwa, sau uku.

Na manta da jiniyar, abin da Gwaggo take nufi ke nan. Ba a kiran waya a tambaya, ba a jira, duk mai iya taka ƙasa sai ya nufi gidan. Na fito da gudu bakin matakala ina ɗaga hannu ina ihu lafiya, lafiya, amma a cikinsu wa ke ji daga nisan nan? Ganin mace na ɗaga hannu tana ihu ma sai ya ƙara musu sauri. Mutum biyar suka taho, ƙaraminsu shekara saba'in da tara. Tsoho Rikizo yana jan ƙafa ɗaya, Gwaggo Fusa da rigar girki a jikinta da carbinta a hannu, ta riga ta fara kuka. Genzo ya wuce su yana tsallake matakala bibbiyu, sanƙonsa na sheƙi. Gwaggo Matsuno tana ƙofarta suka wuce ta, ba ta ce musu komai ba.

Suka iso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa abin da ya samu yana neman numfashi. Baba ya miƙe ya gyara rigarsa, ya rusuna musu.

"Sannunku, sannunku. Rikizo, har da kai? Wa ya rasu?"

"Kai ne, ɗan banza!" in ji Rikizo yana tari. "Kai muka zo ɗauka!"

"Ni? To ba a gaya mini ba."

Aka fashe da dariya, Gwaggo Fusa na dariya hawaye na zuba. Dariyar ba ta daɗe ba. Rikizo ya ga ƙyallen a kan tire, jiƙe da shayi. Ya dubi sandar gora, ya juya ya dubi ƙasa inda Gwaggo Matsuno ke tsaye. Ba wanda ya tambayi komai. Na fahimci ko dai sun daɗe da sani ko sun daɗe da ƙin sani, yanzu kuma na sa sun gani da idonsu a gaban juna, ba sauran yin kamar ba a sani ba. Na shiga na dafa musu shayi don in sami inda zan ɓoye fuskata. Kunya ta ishe ni, tsofaffi biyar na hawar da su dutse saboda gwajina.

Genzo ya biyo ni madafa. "Gobe in ajiye muku wuri?"

"Jirgin naka cika yake yi?"

"Tambaya na yi, Sumi-chan."

"Ajiye."

Da yamma na cika jakar da na zo da ita ba komai. Kayan mutum mai shekara tamanin da bakwai ba su cika ta ba, sai da na ƙara da hoton Inna da bargonsa. Na sauka gidan Gwaggo Matsuno don in yi mata sallama, in kuma ba ta haƙuri. Ta karɓe ni a bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. Ta miƙo mini ƙunshin busasshen kifi.

"Ba ya cin shinkafa in ta yi ruwa. In ya kira ki da sunan uwarki ki amsa, ba ya kashe mutum."

"Gwaggo, zan riƙa kiran ki."

"To."

"Da gaske nake."

"Na ce to. Gobe ba zan sauko kwata ba, kar ki jira ni. Ki bi da shi ta bayan gidan Heisuke, kar ku biyo ta ƙofata."

Haka muka yi. Na ce masa asibiti za mu, bai yi musu ba, ya sa hularsa ta fita. Muka sauka a hankali, hannunsa a kafaɗata. A kwata Rikizo da Gwaggo Fusa suka zo rakiya, aka yi ta rusune-rusune, ba wanda ya ce sai yaushe. Kyanwar nan mai ido ɗaya tana nan a ƙofar shago.

Jirgi ya ja baya ya juya. Baba ya ƙi shiga ciki, ya tsaya a baya ya riƙe ƙarfe da ƙafafu a ware, irin tsayuwar wanda ya saba da ruwa. Garin ya fara buɗewa a gabanmu, gidajen ƙasa da ƙyallayensu bakwai. Ya ɗaga kai sama.

"Tsohuwar ta kwana," ya ce.

Na gan ta, ɗan ɗigo a gefen sandarta. Ba ta ɗaga hannu ba.

Sai na ji hannunsa ya damƙi nawa da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"Wancan fa? Gidan sama. Ba ƙyalle." Ya juya ya ɗaga murya. "Genzo! Kai Genzo, ka makance ne? Gidan sama ba ƙyalle! Busa jiniya!"

Genzo bai waiwayo ba. Na ga ƙeyarsa kawai, da hannunsa a kan sitiyari.

"An duba, Baba," na ce. "An je an duba."

"Wa ya je?"

"Ni."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa baƙuwar da ta yi kirki. Ya ɗan saki hannuna, amma idonsa ya koma kan gidan, yana ƙara ƙanƙancewa.

"Mutumin nan shi kaɗai ne," ya ce a hankali. "Yana da 'ya a birni. Ya kamata a sami mai gaya mata."

"Ta sani, Baba."

"Ta sani?" Ya girgiza kai. "To me ya hana ta zuwa?"

 Jirgin ya zagaya bakin dutsen, gidajen ƙasa suka fara ɓacewa, sannan na Gwaggo Matsuno, sannan namu. Baba ya ci gaba da tsayuwa yana kallon dutsen, ni kuma na riƙe masa hularsa don kada iska ta ɗauke.